Ƙuri'a Ɗaya a Akwati na Tara

Karo na uku ke nan Malam yake hawa benen ofishin zaɓe da takardar ƙorafi a aljihu, yana laluben matakala da bakin sanda. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya, kuma har yau ba ya yarda kuskure ya kwana ba a gyara ba.

Gundumarsu ba ta da wuyar ganewa. Unguwannin gangaren kogi na jam'iyya mai alamar guga ne, na kan tudu na mai alamar tsani, 'yan kasuwa da ke tsakiya kuwa sukan bi duk wanda ya gyara musu kwata. Layin su Malam shi ne cibiyar tudu. Akwati na tara, mutum ɗari biyu da sha ɗaya, zaɓe shida a jere guga ba ta taɓa samun ko ɗaya ba. Har tutiya suke yi da wannan sifirin.

Bana kuma babban ɗan Malam ne ya tsaya wa tsani takarar kansila. Ya sha kaye da tazarar ƙuri'a ɗari huɗu, amma ba wannan ne ya ƙona wa layin rai ba. Da aka manna sakamako a ƙofar makaranta, akwati na tara ya nuna tsani ɗari biyu da goma, guga ɗaya.

Kafin rana ta faɗi an yanke hukunci: mai askin bakin layi ne. Matarsa 'yar gangare ce, kuma an taɓa ganin ɗan takarar guga a kujerarsa. Da aka tsare shi da tambaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mako uku ke nan ba mai kai masa kansa sai Malam. An watsa masa baƙin mai a ƙofar shago, mai ginin kuma ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya kwashe kayansa.

Jami'ar zaɓen tsohuwar ɗalibar Malam ce. Ta karanta takardar, layukan sun karkace ƙasa, amma ba a bar ko waƙafi ɗaya ba. Abu biyu yake nema: a daina manna sakamako akwati-akwati, kuma a ba shi wasiƙa mai hatimi da ta wanke mai aski.

"Malam, na farkon doka ce, ba ni na kafa ta ba," in ji ta. "Na biyun kuma, ƙuri'a ba ta zuwa da suna a goshi. Kai yaya aka yi ka tabbata ba shi ba ne?"

"Har yanzu kina nan da halinki na aji huɗu. A yi miki tambaya, ki mayar da tambaya."

Ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya sauko hannu wofi.

A gida ɗansa ya tare shi a tsakar gida. "Baba, ni aka ci wa amana, kai kuma ka zama lauyan maci amana. Me mutane za su ce?"

Malam ya juya inda muryar take. Ya san yaron nan ciki da bai, tun daga kwanon rufin makarantar da ya ɓata a hannunsa har zuwa alkawuran da yake rabawa kamar alewa. Ya buɗe baki, ya ji uwar yaron ta tsaya da wanke-wanke tana saurare, sai ya ce kawai a ba shi ruwa.

Da yamma ya taka zuwa shagon. Shekaranjiya aka yi masa aski, amma ya zauna. Mai aski ya riga ya sauke babban madubi ya jingine a bango.

"Malam, me zan aske? Kan nan har ƙuda santsi yake yi a kai."

"Gobe zan tara layi in yi magana."

"Haka ka ce shekaranjiya." Ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya. "Ka bar shi. Ni shago zan rasa, akwai wani a gangare. Kai fa, ina za ka samo wani ɗan?"

Malam ya sunkuyar da kai, ba don askin ba. Doka ta yarda wanda idonsa ya mutu ya shiga wurin dangwale da mutum ɗaya da ya amince da shi. Ranar zaɓe mai aski ya dangwala tasa a kan tsani kamar kullum, sannan ya dawo ya riƙe babban yatsan Malam, shi kuwa ya raɗa masa a kunne: "Kai ni kan guga."