Takalma Uku Rana Ɗaya

Ana saura mako biyu Kirsimeti, Baba ya goya ni a keke zuwa rumfar wani tsohon baduku a Ƙofar Kware, a ɗinka mini takalmin biki. Har yau ina jin warin jar fatar nan a hancina.

Tsohon ya aza ƙafata bisa kwali, ya zagaye ta da fensir, ina ta dariya.

"Zana wani da ya ɗara wannan," in ji Baba. "Sannan wani da ya fi su duka."

Tsohon ya ajiye fensir. "Malam, mu ba mu auna ƙafar da ba ta zo ba. Ka kawo ɗiyar baɗi mana. Minene na gaggawa?"

Baba ya yi tari cikin hankici, ya duba, ya ninke da sauri ya tura aljihu. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya jawo wani kwali.

Ni kuwa sai murna, takalma uku rana ɗaya!

Na farko Baba ne ya sa mini. Na biyu Mama ce, tana kuka. Na ukun yana cikin akwatina, ban taɓa yarda na sa shi ba.