Makunnin da ke Can Ƙarshen Lungu

Baba Tela ya tare a sabon gidan da autarsa ta gina masa, daga shi sai keken ɗinkinsa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci, ita Auta kuma aiki ya kai ta nesa. Ta waya ta gina gidan: a turo mata hoto, ta ce wannan ya yi, wancan a canja. Yarinyar kirki ce wallahi, ba ta yi ƙyashin komai ba. Abu ɗaya ne bai faɗo mata a rai ba, ta tambayi tsohon da zai zauna a ciki inda yake buƙatar haske.

Falo kam ya sha fitilu. Ga wata a tsakiyar silin mai rassa kamar bishiya, ga ƙanana masu canja launi sun kewaye ta. Jikin katangar waje ma an jera su reras, duk wanda ya wuce sai ya waiwayo. To ɗakin da Baba zai yi ɗinki fa? Ƙwan fitila ɗaya tal, ɗan mitsitsi, shi ma a bayan ƙeyarsa. Da ya sunkuya kan keke sai inuwar kansa ta rufe allura. Tagar kuwa katangar maƙwabci take kallo. Falon ba ya shiguwa da keke, don Auta ta roƙe shi kada mai ya ɓata mata kafet.

Mutumin da a da ko gyangyaɗi yake yi layinsa ba ya karkacewa, sai ga shi ya ɗinka wa wani malamin makaranta shuɗiyar riga da baƙin zare.

"Baba, anya ba ido ba ne?" in ji malamin, yana jujjuya rigar.

"Idona garau yake, ɗana. Ɗakin ne."

Malamin ya yi irin murmushin nan da ake yi wa tsoho in ya kawo uzuri. Kafin ka ce me, magana ta zaga cewa Baba Tela ya gama yayi. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da suke biya ne ya dame shi ba, Auta ba ta bar shi da yunwa ba. Hirar ce ya rasa: mutum ya zauna a benci yana jiran wandonsa, a yi musu, a yi tsiya, a yi dariya. Yanzu sai ya wuni bai ji muryar kowa ba, har ya fara yi wa keke magana. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai.

In Auta ta kira, da murnarta take tambaya, "Baba, ya gida? Kana kunna fitilar falon nan kuwa?"

"Ina kunnawa, Auta. Allah ya yi miki albarka."

Sai ya buɗe baki zai ƙara, ya haɗiye. Da wane ido zai ce wa yarinyar da ta zuba guminta gidan nan yana da aibi?

Tsakanin ɗakinsa da falo akwai wani dogon lungu marar taga. A tsakiyarsa akwai matakala guda, an lulluɓe ta da tayil iri ɗaya da na ƙasa, ko da rana sai ka lura. Fitilar lungun makunninta ɗaya ne, kuma can bakin falo aka kai shi. Ka ji fa! Wai sai mutum ya ratsa duhun tukuna, sannan ya kunna abin da zai haska masa hanyar da ya riga ya wuce. Haka Baba yake bi yana shafa bango.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗu, gari ya yi baƙi ƙirin, ruwa ya kece. Baba na kishingiɗe a ɗaki sai ya ji wayarsa tana ƙara a falo, inda ya jona ta caji. Ya san Auta ce, don ba mai kiransa sai ita. Ɗokin jin muryar mutum ya sa ya tashi da sauri, bai tsaya neman bango ba.

Ƙafarsa ta taka iska. Ya faɗi ta gefe, ya ji ƙugunsa ya yi ƙas.

Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya yi kira, ya sake kira, rugugin ruwa a kan kwano ya shanye muryarsa. Kuma wa zai leƙo gidan da aka daina zuwa? Allah sarki, nan ya kwana a kan tayil mai sanyi, sai da safe mai kwasar shara ya jiyo nishinsa ta ƙofar baya.

Likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma a shekarun Baba da wuya ya sake takawa da kansa. Auta ta taho hankali a tashe. Da ta je gidan ɗaukar masa kaya, ta fito daga ɗakinsa tana laluben makunni, ita ma ta yi tuntuɓe a wannan matakala. Nan ta zauna ta fashe da kuka. Ta kira mai aikin lantarki, kafin azahar ya ƙara makunni a bakin ɗakin. Ihu bayan hari ke nan.

A asibiti ta riƙe hannunsa. "Haba Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Nauyinki na ji, Auta. Amma da kin tambaye ni, da na faɗa."

Jama'a, haske a gida ba ado ba ne kawai. Kafin a ja wayar wuta, a tambayi wanda zai zauna inda yake aiki da inda yake bi, a haska matakala, a sa makunni a kowane bakin lungu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuma iyaye, kunyar da za ta karya ku ba kunya ba ce, ku yi magana.