Hoton da Ake Tura wa Auta

Tururuwa sun sake shiga jakar na'urar gwajin suga. Mama ta zazzage su a bakin taga, ta goge jakar da gefen zaninta, ta mayar kan firji.

Tun ranar da likita ya ce tana da ciwon suga, ba ta taɓa wasa da doka ba. Nas ta zayyana mata komai: ta bar lemon kwalba, ta rage shinkafa da burodi, ta sha ƙwayarta a kan lokaci, ta riƙa taka ƙafa, ta wanke hannu da sabulu kafin ta tsira yatsa, domin ko lemo ta ɓare, ragowar zaƙin ya isa ya sa na'ura ƙarya. Duk Mama ta riƙe. Shayinta salam take shan sa. Gwangwanin sukari yana can saman kabad, na baƙi ne, baƙin kuwa ba zuwa suke ba.

Gida mai ɗaki uku, ita kaɗai kamar mayya. Maigidan ya rasu, 'yan matan suna gidajen mazajensu, sai gaisuwa a rubuce. Auta, ɗanta namiji tilo, yana aiki a wani gari mai nisa. Shi ya saya mata na'urar, shi ya koya mata ɗaukar hoton lambar ta tura masa kowace safiya.

Da farko lambobin suna kyau. Auta kan aiko da ɗan hoton babban yatsa a ɗage. Daga baya ko wannan ya daina, sai dai ta ga alamar an buɗe saƙon. Takan zauna da wayar a cinya har shayi ya huce.

Sai wata safiya, ranar da mai gyaran famfo ya zo ta haɗa masa shayi, lamba ta yi tsalle ta haura ɗari biyu. Ta tura masa hoton. Ko ajiye wayar ba ta yi ba ta hau ƙara.

"Mama! Me kika ci?"

"Me zan ci, ɗan nan? Kabejin nan ne dai, saura kaɗan in fara kukan akuya."

Bai yi dariya ba. Ya tambayi barcinta, ya tambayi ƙafarta, har ya tambayi famfon. Ranar sai da wayar ta yi zafi a kunnenta.

Daga nan hotunan da ke isa wayar Auta ba su ƙara yin kyau ba. Shi ma bai ƙara fashin kira ba. Kullum a hanyarsa ta zuwa aiki, tana jin hon ɗin motoci a bayan muryarsa, yana faɗa, tana ba shi haƙuri. Ya roƙi a sauya shi daga aikin safe zuwa na rana saboda ita. Tsinken gwaji ma ƙarewa yake da wuri.

"Wai Mama cinye su kike yi?" in ji shi.

Maƙwabciyarta tela ta kawo mata ganyen magani a leda. "Yaya, ke da ko alewa ba ki kalla? Wannan ciwo naki ba shi da kunya." Mama ta yi godiya, ta ajiye ledar bayan ƙofa.

A asibiti aka ɗebi jininta. Likita ya duba sakamako, ya duba hotunan da ke wayarta, ya sosa ƙeya. Nasu gwajin lafiya lau. Ya ce wataƙila na'urar gida ce ta lalace. Auta ya aiko da sabuwa fil a kwali. Ita ma abin da ta faɗa ke nan.

Sai aka fara zancen allura. Mama ta taɓa ganin wata mata a layin asibiti, allura ta saukar mata da suga fiye da kima, tana gumi tana karkarwa, har ta zube a ƙasa. Waccan akwai 'yarta a gefe. Ita idan ta zube a tsakar ɗakin nan, wa zai ɗaga ta? Sai dai tururuwa.

Jiya da yamma Auta ya yanke magana.

"Mama, gobe ce ta ƙarshe. In lambar ta sauka, alhamdulillahi, hankalina ya kwanta, in koma aikina na safe, dama oga ya fara harara ta. In ba ta sauka ba, zan nemi izini in taho da kaina in kai ki a fara allurar. Ko mako ne sai in yi miki."

"To, Allah Ya zaɓa mana mafi alheri," ta ce.

Da gari ya waye ta share gidan tas. Ta buɗe ɗakin Auta, ta kakkaɓe labule, ta tsaya tana kallon tsofaffin takalmansa a ƙarƙashin gado. Sannan ta je famfo ta wanke hannu da sabulu, ta goge, ta zauna a bakin kujera. Ta zura tsinke a na'ura, ta tsira yatsa, ta jira.

Ɗari da biyar. Lafiya lau, kamar jiya, kamar shekaranjiya, kamar kowace safiya. Ta daɗe tana kallon lambar, tana tuna matar da ta zube a layi. Ta kalli wayar da ke kwance shiru, ta kalli ƙofar ɗakin Auta. Sai ta zaro tsinke na biyu, ta miƙa hannu saman kabad, ta sauko da gwangwanin baƙi, ta tsoma yatsar a ciki, kamar yadda take yi tun ranar mai gyaran famfo.