Filayar da Ke Kan Tiyo

Ƙanin mijinta ne ya jawo jirgin ruwan yayan nasa zuwa gaɓa da igiya, babu kowa a ciki.

"Haka na tsince shi yana yawo, matar Yaya. Sai haƙuri, ruwa ya ci Yaya."

Ba ta yi kuka ba, ta shiga ta ɗaga murfin injin. Jirgin mai tafiya da feshin ruwa ne. Kullum mijinta yakan ce in za a ja shi, sai an matse tiyon ruwa, in ba haka ba ruwa ya cika injin ya kashe shi.

"Mutum ya mutu, ke ta inji kike?"

Tiyon a matse yake da filayar mijinta.

"Kai ka matse tiyon nan?"

"Ni me na sani? Ko murfin ban taɓa ba."

Ta mayar da murfin. Mijinta ba ya matse tiyo sai ya ga an ɗaura igiyar ja. Ashe yana cikin jirgin da ransa lokacin da ƙaninsa ya ɗaura ta.

Washegari da safe ta gaida ƙanin kamar kullum, ta wuce ofishin 'yan sanda.