Mai Binciken Hedkwata

Tun ranar Litinin labari ya iso shagon sayar da na'urorin sanyaya ɗaki da ɗumama shi: hedkwata za ta turo mai bincike a ɓoye, ya zo kamar mai saye, ya ba su maki. Reshen da ya zo na ƙarshe, manajansa ya nemi wani aikin.

Saboda haka da wata mata ta shigo ranar Laraba da ɗan littafi a hannu, Manaja ya tsuke tumbinsa. Matar ba kwalliya, ba murmushi, leɓe a bushe. Wayarta na ta ruri a jaka, ko dubawa ba ta yi ba.

"Ita ce," in ji Kashiya ƙasa-ƙasa, sannan ta ari muryarsa ta hanci: "Ranki ya daɗe, sanyinmu na manya ne."

Minti bai cika ba Manaja ya faɗa wa matar hakan, har da hancin.

Ya kai ta ɗakin gwaji, ya kunna mata na'urar da ta fi kowacce tsada. Ya yabi shirunta, ya yabi garantinta na shekara goma. Matar ta zauna a bakin kujera, iska na kaɗa mayafinta, ba ta ce da daɗi ba.

"Tana iya juyawa da kanta, daga sanyi zuwa zafi?"

"Haba, ranki ya daɗe! Ba ta taɓa yi ba."

"Ko sau ɗaya? Ko wuta ta ɗauke ta dawo?"

Ya gane tarko ne. Ya ɗauko takardun gwaji, ya kira injiniyan shagon ya ba da shaida. Abin da hannu ya danna na ƙarshe, a kansa take tsayawa, ko da za a shekara.

Ta ɗauki rimot. "Wannan hoton rana fa?"

Manaja ya yi dariya. "Nan mutane ke shirme! Sai su ɗauka na ranar da ake zafi ne. Ai na ɗumi ne. Kuma takan yi shiru 'yan mintoci kafin ta fara hurawa. In kin danna kin fita, ba za ki sani ba. Amma wannan laifin mai dannawa ne, ba namu ba."

"Ba naku ba," ta maimaita.

"Maki nawa muka samu?" ya tambaya, yana murza hannu.

"Na'urarku ba ta da laifi."

Ta fita ta bar littafin a kan kujera, bai ko lura ba don murna. Kashiya ce ta buɗe, tana shirin kwaikwayon matar. Layi ɗaya ne kawai a ciki, sai ta karanta shi da muryarta ta gaske:

"Baba ba ya motsi, ba ya magana. Na kunna masa na'urar, na rufe taga da ƙofa, na tafi aiki. Yau kwana bakwai da binne shi."