Kukun da Bai Fito Ba

Na ga tun jiya ba ki zauna ba saboda baƙin da za ki yi, har gaisuwa ma a tsaye kike amsawa. Ajiye ludayin nan, 'yata, ki ba ni aron hankalinki in ba ki wani misali.

An yi wani kuku da ya shekara talatin da biyu yana girki a wani babban otal a Ikko. Da ƙarfi ya fara ƙarewa sai ya tattara ya dawo garinsu, ya tarar garin ya manta da shi. Matarsa ta rasu tun a can, 'ya'yansa biyu suna gidajen aure a nesa. Sa'o'insa kuwa wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu sai an yi musu dogon bayani kafin su ce, "Au, kai ne?" Kullum zai dafa abin da ya ishi mutum biyar, don hannunsa bai iya girkin mutum ɗaya ba, ya zauna ya ci shi kaɗai, ba abin da yake ji sai ƙarar cokalinsa. Da kaɗaici ya ishe shi sai ya ce bari ya kira walima, ko Allah ya sa ya samu masu leƙo shi. Ya bi gida-gida ya gayyaci mazan unguwa. Ya kuma aika ƙauye a gaya wa amininsa na ƙuruciya, wani tsoho da ciwon ƙafa ya zaunar, wanda rabon da su haɗu tun suna samari.

Da ya tashi burge su sai ya zaɓi wani ɗan abin taɓawa da ake fara miƙa wa baƙi a otal, wanda a kansa ya yi suna. Burodi ne dogo siriri, a yayyanka shi, a shafa man zaitun, a gasa har ya yi ƙaras-ƙaras. A ɗora masa yankan naman sa mai taushi, falle ɗaya kamar na kilishi, da soyayyar albasa. A bisa sai a marmasa wani cukun Turawa mai jijiyoyi shuɗi-shuɗi, wanda in ba ki san shi ba za ki rantse funfuna ya yi, ki watsa wa kaji. Sai da ya aika birni aka nemo masa shi. To, abin nan ba ya son jira. In aka haɗa aka ajiye, romon nama ya jiƙa burodin, shi ke nan ya tashi aiki. Don haka kasko-kasko ake yin sa, daga wuta sai baki.

Bayan la'asar mutane suka cika tsakar gidan, tabarmi sababbi fil. Aka kawo tsohon nan a kan babur, mutum biyu suka tallafe shi suka zaunar da shi a jikin bango. Maigida yana kicin. Ya gasa, ya jera, ya turo faranti ta taga, wani maƙwabci ya karɓa ya zagaya da shi. Da fari an yi ta shinshinawa ana haɗa ido, sai wani mai ƙarfin hali ya jefa a baki, ya miƙa hannu ya ƙara. Kafin ki ce kwabo faranti ya koma wayam. Kuku ya ji ana santi, daɗi ya kama shi, ya ƙara gawayi. Kin san a otal kuku ba ya fitowa gaban baƙi, in faranti ya dawo ba komai to an gaisa ke nan. Shekara talatin da biyu haka ya saba gaisawa da mutane. Sau uku amininsa yana tambaya, "Wai ina maigidan ne?" Sau uku murya tana fitowa ta taga, "Ga ni nan tafe, saura kasko ɗaya!"

Yana kan kasko ɗayan nan aka kira magariba. Ya cire rigar girki, ya share gumi, ya ɗauko farantin da ya fi kowanne kyau, wanda ya keɓe don shi da amininsa su ci tare. Ya fito ya tarar da tabarmi, ba kowa a kai. Maƙwabcin nan ne kaɗai yake sa takalmi a bakin zaure. Ya ce masa, "Abinci kam ya yi, Allah ya amfana. Amma mutane sun tafi suna cewa ka zama Bature, ka fi ƙarfin zama da mu." Kuku ya tambaye shi ina tsohon da aka kawo a babur. Maƙwabci ya sunkuyar da kai ya ce, "Hanyarsu ba kyau, dole suka kama ta da sauran haske. Ya ce in gaya maka, shi ba yunwa ce ta kawo shi ba."

Wallahi har yau in na tuna mutumin nan tsaye da faranti a hannu, tausayinsa nake ji, don ba girman kai gare shi ba ko kaɗan. Ya ba su duk abin da ya iya, ya hana su abin da suka zo nema. To, gobe idan baƙinki suka yi sallama, ko tuwon bai gama sulala ba, ki fito ki zauna da su. Masu iya magana sun ce, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.