Irin da Riskuwa Ya Raina

Riskuwa ya komo Argungu bayan rasuwar babansa, da akwatin ƙarfe da farar riga mai guga. Tun yana ƙarami aka kai shi Birnin Kebbi aikin gidan Bature, daga wanke-wanke har ya zama kuku. Yanzu gonar shinkafa ta fadama ta faɗo hannunsa, ga kuma tsohuwarsa, Baiwa.

To, ku da ke karatu, ku san mu can da dauɗa da ƙazanta muka sani. Wannan datti da kowa ke faɗa yau, a bakin Turawa aka tsinto shi, kuma a unguwarmu Riskuwa ne ya fara yawo da shi. Ya ce Turawa sunan ƙura daban, sunan ƙazanta daban, sunan abin da ya lalace daban. Amma shi da ya tashi koyo, guda ɗaya ya riƙo, yake jifan komai da shi. Randa datti, tabarma datti. An ce har akuyar gidan sai da ta sha sabulu, ni dai ban gani ba.

A ƙuryar madafa akwai wata tukunya da hayaƙi ya baƙanta, an liƙe bakinta da laka da kashin shanu. Irin shinkafarsu ke ciki, an cuɗe shi da toka don kada ƙwari su ci. Haka ake ajiyar iri a gidan tun kakanni.

Da bazara ta yi nisa, aka aiko daga Augie cewa ɗiyar Baiwa ta haihu. Tsohuwa ta ɗaura ƙunshinta za ta zaman jego, ta tsaya bakin madafa.

"Riskuwa, ka ga tukunyag ga? Kada ka taɓa ta sai ruwa ya sauka. Ran nan ka fasa baki, ka yafa."

"Inna, abin ga da kashin shanu? A gidan Bature ko kare ba a ba shi ci a irin wagga."

"Ai ba kare za ka ba ba, ɗan nema. Ƙasa za ka ba, ita ko ba ta ƙyama."

Ya yi dariya, ya raka ta har bakin jirgin ruwa.

Tana ba da baya ya fasa tukunyar. Ya ga shinkafa toka-toka, ya toshe hanci. Ran kasuwa ya juye ta a buhu ya tafi da ita, a can ya tarar da wata mata da shinkafa mai ɓawo a faifai, jawur, fes, ba tsakuwa ba ƙura. Ya ce su yi musanya. Bai ce na shuka yake so ba, girman kai bai bar shi ya tambayi komai ba. Matar ta karɓa da murna. Ashe tata gumi ce, wato wadda aka riga aka turara a tukunya aka shanya, sai sussuka kawai take jira. Wuta ta kashe ta tuni.

Ruwa ya sauka, kowa ya fita yafi. Maƙwabcinsa na gona, Tamba, ya hango shi daga nesa.

"Kuku, wanga iri naka ya yi wanka ne? Ƙyalli yaka yi."

"Kai dai jira kaka, Tamba. Ka ga bambancin tsabta."

Gonakin mutane suka yi kore. Ta Riskuwa shiru, sai tsuntsaye. Tamba ya ce masa yana da ɗan saura a ɗaki, ya zo ya ɗiba ya sake yafawa. Riskuwa ya ce a bar shi, iri mai kyau ba ya gaggawa. Kunya ce kawai, kowa ya sani. Kafin ya sauko daga dokin girman kansa, gulbi ya cika ya shigo fadama, shuka ta ƙare sai baɗi.

Baiwa ta dawo, aka kai ta gonar a jirgi. Ta dubi ruwa fetal, ba ko tsinke ɗaya. Ya faɗa mata abin da ya yi. Ba ta zage shi ba.

"Ko cikin hannu ba ka rage ba?"

"Ban rage ba, Inna."

Da kaka ta zo, rumbunsu wayam. Riskuwa ya koma Birnin Kebbi neman tsohon aikinsa, ya tarar an ɗauki wani. Yana can yana yawon ƙofa-ƙofa, tsohuwar da ba ta taɓa roƙon kowa ba ta shiga kala a gonakin mutane, tana tsintar zangarniyar da masu yanka suka bari, ƙafa cikin ruwan sanyi tun safe. Sanyin ya kama mata ƙirji. Kafin saƙo ya same shi, Tamba da mutanen unguwa sun kai ta makwancinta.

Jama'a, dauɗa daban, lalacewa daban. Dauɗa a waje take, hannu da ruwa na fid da ita, amma abin da ya mutu a ciki ba ƙyallin da zai tashe shi. Kafin ka zubar da abin da ka tarar a gidanku don ya yi maka muni a ido, tambayi wanda ya ajiye shi dalili.